Mailcow, Mail-in-a-Box ko haɗin hannu: wanne za ka ɗora wa imel ɗin ma'aikatarka?

Duk wanda ke biyan dala duk wata a kan kowane ma'aikaci don kawai a sami adireshin imel mai ɗauke da sunan ma'aikata, watarana tunanin kafa sabar kansa, wato kwamfutar da za ta riƙa karɓa da aika imel ɗin, zai zo masa. A takarda lissafin yana da daɗi. Makaranta mai ma'aikata 60, in ta ɗauki ƙaramin tsarin Google Workspace na wajen dala 7 a kan mutum ɗaya, dala 420 ke nan duk wata, alhali sabar haya guda ɗaya a kamfanoni masu sauƙin farashi ba ta kai kuɗin mutum biyar ba, kuma za ta ɗauke su gaba ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan tazarar ta daina zama abin wasa.

Manhajojin da za a yi aikin da su kyauta ne, kuma sun daɗe suna aiki. Hanyoyi uku aka fi bi: Mail-in-a-Box, mailcow, ko kuma mutum ya haɗa Postfix da Dovecot da hannunsa. Dukkansu ukun injinsu ɗaya ne a ciki. Postfix, wanda Wietse Venema ya rubuta a cibiyar binciken IBM aka fitar a 1998, shi ke karɓar saƙo da aika shi. Dovecot, na Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland, da ya fito a 2002, shi ke ajiye saƙonni ya miƙa wa waya ko kwamfuta. Bambancin yana wajen wanda zai ɗaura waɗannan sassa, da yawan ikon da ya rage a hannunka bayan an ɗaura, da irin wahalar da za ka sha a shekara ta biyu.

Amma akwai abin da ya riga zaɓen manhaja, wanda in bai daidaita ba duk sauran maganar ɓata lokaci ne. Sabobin imel suna magana da juna ta ƙofa ta 25, wato lambar mashigar da aka ware wa imel tsakanin sabobi, kuma yawancin masu ba da hayar saba sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin shara. Google Cloud ba ya buɗe ta zuwa waje. Amazon yana taƙaita ta sai ka cike takardar neman a sake maka. DigitalOcean ya rufe ƙofofin aika imel. Hetzner na Jamus yana rufe 25 da 465 ga sabon abokin ciniki, sai ya yi wata guda ya biya kuɗin farko sannan ya nemi a buɗe masa, su duba. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar kamfanin zai buɗe ƙofar, kuma zai ba ka damar saita PTR, wato rajistar da ke mayar da adireshin IP, lambar da ake gane saba da ita a intanet, zuwa sunan sabarka. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aiko musu saƙo sai yana da PTR ingantacce, da TLS mai kulle saƙo a hanya, da aƙalla SPF (jerin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanka) ko DKIM (sa hannun da ke tabbatar da saƙon naka ne). Mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa SPF da DKIM da DMARC (umarnin abin da za a yi da saƙon da ya kasa wuce waɗancan biyun) duka. Microsoft ta bi sahu a watan Mayun 2025 ga masu aikawa da yawa zuwa Outlook.

Wannan kaɗai ya kashe maganar ajiye sabar a ofis, ko a Kano kake ko a Maraɗi. Layin data na waya yana cusa ɗimbin mutane a bayan adireshin IP guda, don haka babu yadda saƙo daga waje zai iso kwamfutarka kai tsaye. Starlink ma a tsarinsa na gida haka yake, kuma ya toshe ƙofa ta 25. Adireshin gidaje kuwa tuni Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu saƙon shara, ta jera su a jerinta na PBL, wanda manyan sabobi ke dubawa su ƙi karɓa. Ga matsalar wuta a kai. Gaskiya ne sabar da ta aiko saƙo ta tarar da taka a kashe ba ta yar da shi nan take, takan yi ta gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, amma lambar tabbatarwa daga banki da ta iso bayan awa shida ba ta da amfani ga kowa. Saba ta zauna a cibiyar ajiyar bayanai, magana ta ƙare.

Shi kansa adireshin IP ɗin da za a ba ka yana da tarihi. Kamar kama hayar shago ne a kasuwa wanda mai shi na baya ya gudu da bashin mutane: kai ba ka ci ba, amma kai za a riƙa harara. Da zarar an ba ka adireshi, duba shi a Spamhaus da MXToolbox tun ba ka ɗora komai ba. In yana cikin baƙin jeri, goge sabar ka buɗe wata, minti biyar ne.

To, Mail-in-a-Box. Joshua Tauberer ya fara shi a 2013 da manufa ɗaya: mutumin da ba masanin saba ba ya iya riƙe imel ɗinsa. Ana ba shi sabuwar saba mai Ubuntu 22.04 wadda ba a taɓa ɗora mata komai ba, a buga umarni ɗaya, a amsa 'yan tambayoyi. Sai ya girka Postfix da Dovecot, da Roundcube don karanta imel a burauza, da Nextcloud don lambobin waya da kalanda, da SpamAssassin mai tace shara, da satifiket ɗin tsaro na Let's Encrypt. RAM giga ɗaya ya ishe shi, abin da ya sa ya fi kowanne araha in aka haɗa da sauƙi. Babban abin da ya fi sauran da shi shi ne DNS, wato rajistar da ke nuna wa duniya inda sabar kowane suna take. Yana so ya zama shi ne mai riƙe da DNS ɗin domen ɗinka, wato sunan da ke bayan alamar @, kuma in ka ba shi, da kansa zai rubuta SPF, DKIM, DMARC da MTA-STS ba tare da ka san yadda ake tsara su ba. Yana kuma da shafin duba lafiya da ke nuna maka kore ko ja a kan kowane abu, ya aiko maka saƙo in wani abu ya canja.

Kuɗin wannan sauƙin shi ne biyayya. Mail-in-a-Box ba ya son a taɓa masa fayilolin saiti, kuma in ka gyara da hannu, sabuntawa ta gaba na iya share gyaran. Ba ya zama da wani aiki a saba ɗaya. Miƙa masa DNS yana nufin in sabar ta faɗi, shafin intanet ɗin ma'aikatar ma zai iya ɓacewa tare da ita, sai dai in ka ƙara wata sabar DNS ta biyu ko ka kwashe rajistocin zuwa waje da hannu. Sannan yana amfani da dabarar jinkirtawa: saƙon farko daga baƙuwar saba sai a ce mata ta dawo an jima, saboda masu saƙon shara ba su cika dawowa ba. Dabarar tana aiki, amma ka shirya wa ma'aikacin da zai zo yana cewa an turo masa lamba minti biyar da suka wuce bai gani ba. Kuma lokacin da aka koma Ubuntu 22.04 daga 18.04 a 2022, ba sabuntawa aka yi a wuri ɗaya ba, sai da kowa ya buɗe sabuwar saba ya kwashe kayansa zuwa can.

Mailcow dabba ce ta daban. Daga Jamus yake, André Peters ya assasa shi, kuma yana tafiya ne a kan Docker, manhajar da ke ware kowane sashe a cikin nasa akwatin: Postfix, Dovecot, Rspamd mai tace shara, ClamAV mai neman ƙwayoyin cuta, SOGo mai imel da kalanda a burauza, MariaDB, Redis, Unbound da sauransu, sun haura goma. Masu shi sun faɗa ƙarara cewa mafi ƙarancin abin da yake buƙata shi ne RAM giga 6 da ƙarin giga 1 na musanya, da faifai giga 20 ban da saƙonnin. Ba ya aiki a kan sabobin haya masu arha irin na OpenVZ ko LXC. A aikace sabar giga 8 za ka nema. Ana iya kashe ClamAV a fayil ɗin mailcow.conf a rage nauyi, domin shi kaɗai yana cin fiye da giga ɗaya, amma ma'aikatar da mutane ke buɗe duk takardar da aka liƙo musu ba ita ce ya kamata ta yi wannan tsimin ba.

Abin da kake samu a madadin nauyin yana da yawa, kuma a nan ne nake ganin ya yi wa sauran nisa ga duk wata ma'aikata mai mutane fiye da goma. Shafin gudanarwarsa yana ɗaukar domen da yawa, kuma kana iya naɗa wa kowane domen nasa mai kula, ta yadda sakataren makaranta zai buɗe wa sabon malami akwati ko ya canja masa kalmar sirri ba tare da ya taɓa sabar ba. Kana iya ƙayyade yawan saƙon da akwati ɗaya zai aika a awa. Wannan ƙaramin saiti ne amma shi ke ceton suna, domin yawancin ƙananan sabobin da suka shiga baƙin jeri ba kutse aka yi wa sabar ba, kalmar sirrin mutum ɗaya aka sace aka yi ta watsa shara da akwatinsa cikin dare. Yana da wurin tsare saƙonnin da ake zargi inda mai akwati zai duba ya saki nasa. Yana da imapsync a cikinsa, don haka kwaso tsoffin saƙonni daga Gmail ko cPanel cike fom ne kawai. Rspamd, na Vsevolod Stakhov, ya fi SpamAssassin sauri, kuma yana nuna maka dalla-dalla makin da ya ba kowane saƙo da dalili. Unbound ɗin da ke ciki, wanda ke yi wa sabar binciken DNS, shi ma ba ado ba ne: Spamhaus ba ta amsa tambayar da ta biyo ta sabobin DNS na jama'a irin 8.8.8.8, takan dawo da lambar kuskure, kuma sabar da ba a saita ta da kyau ba na iya ɗaukar wannan amsar a matsayin hukunci ta riƙa korar saƙonnin kirki. Mailcow ya rufe wannan ramin tun daga farko.

Inda yake cizo kuwa wurare uku ne. DNS a hannunka yake. Zai samar maka makullin DKIM ya nuna maka rajistocin da ake buƙata, amma kai za ka je wajen mai riƙe da domen ɗin, ko .com ne ko .ng da NiRA ke kula da shi, ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, Docker yana rubuta nasa dokokin katangar tsaro, yakan tsallake ufw, manhajar da aka saba rufe ƙofofi da ita, har mutum ya ɗauka ya rufe ƙofa alhali a buɗe take. Na uku shi ne mafi haɗari. Mailcow yana kulle saƙonni a faifai da makulli, makullin kuma yana wani ɓangare dabam mai suna crypt. Wanda ya kwafi saƙonnin kaɗai ya bar makullin, ranar da sabar ta mutu zai tarar yana riƙe da tarin fayilolin da ba mai iya karanta su. Akwai backup_and_restore.sh da suka tanada, a yi amfani da shi a ce masa ya ɗauki komai.

Hanya ta uku ita ce haɗin hannu: tsarin Linux na Debian tsirara, Postfix, Dovecot, Rspamd, certbot, fail2ban, kowanne ka girka ka saita. Ita ce mafi sauƙin nauyi, giga ɗaya ya isa in babu ClamAV, kuma ita kaɗai ce za ta sa ka fahimci abin da ke faruwa in saƙo ya maƙale. Ga ɗalibin kwamfuta a BUK ko ABU da ke son ya san imel ciki da waje, babu makarantar da ta kai wannan. Amma duk abin da waɗancan biyun ke yi a ɓoye, nan a wuyanka yake. Satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi, certbot zai sabunta shi, amma in ba ka sa Postfix da Dovecot su sake ɗaukar sabon ba, za su ci gaba da nuna tsohon har ya mutu, kuma tun watan Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aiko saƙon tunatarwa. Kuskure ɗaya a layin mynetworks na saitin Postfix na iya mayar da sabarka hanyar da kowa a duniya zai aika saƙo ta cikinta. Dovecot 2.4 da ya fito a farkon 2025 ya canja tsarin rubuta saitinsa har tsohon fayil ba ya aiki, kuma shi ne ke cikin Debian 13, don haka wanda ya sabunta ba tare da shiri ba zai tashi babu imel. Ba shafin buɗe akwati sai ka ƙara PostfixAdmin ko makamancinsa. Sannan tambayar da ba a son yi: in wanda ya haɗa ta ya sami aiki a Abuja ya tafi, wa zai gane abin da ya rubuta? Mailcow da Mail-in-a-Box ko'ina iri ɗaya ne, baƙo zai iya karanta littafinsu ya ɗora daga inda aka tsaya. Haɗin hannu kowa da irin nasa.

Akwai wasu a gefe. docker-mailserver yana tsakanin mailcow da haɗin hannu, ba shi da shafin gudanarwa, komai a fayil. iRedMail ya daɗe, amma cikakken shafin gudanarwarsa na kuɗi ne. Stalwart sabo ne, an rubuta shi da Rust, ya haɗa komai a manhaja ɗaya, yana da ban sha'awa amma ni zan bari ya ƙara shekaru kafin in ɗora masa wasiƙun wata ma'aikata.

Ta fuskar tsaro, kada wanda ya ruɗe ka cewa ɗaya daga cikinsu ana kafa shi a manta. A Disambar 2023 Timo Longin na SEC Consult ya bayyana dabarar fasa-ƙwaurin SMTP (ƙa'idar da sabobi ke aika imel da ita), wadda ke ba da damar cusa saƙon bogi ya tsallake SPF, kuma ta shafi Postfix. A Oktobar 2023 kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton yadda wasu masu kutse suka yi amfani da ɓaraka a Roundcube suka kai wa hukumomin Turai hari, buɗe saƙon kawai ya isa. A irin wannan rana mai mailcow zai buga update.sh, mai Mail-in-a-Box zai sake gudanar da umarnin girkawa, mai haɗin hannu kuwa sai ya fara sanin cewa abin ya faru, ya karanta, ya gane wane layi zai ƙara. Dukkansu dai suna buƙatar mutumin da ke bibiya. Shiga sabar daga nesa ta SSH da makulli kaɗai, matakin tabbatarwa na biyu a shafin gudanarwa, wanda mailcow da Mail-in-a-Box duk suna da shi, da kwafin ajiya a wani kamfani dabam, waɗannan ba zaɓi ba ne. A Mail-in-a-Box kwafin a kulle yake fita zuwa S3 ko Backblaze ko ta rsync, makullinsa kuma yana cikin secret_key.txt, wanda dole ka ajiye a wani wuri ban da sabar. Ma'aikatar da ke Najeriya ta tuna kuma cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora mata sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 in aka yi satar bayanan da ka iya cutar da mutane. In kai ke riƙe da sabar, babu wani kamfani da za ka nuna wa yatsa.

Saura matsalar da ta fi kowacce ɓata rai: komai ya nuna kore, shafin gwaji na mail-tester ya ba ka goma bisa goma, amma saƙonka na faɗawa Spam a Gmail, ko Outlook ya ƙi karɓa sam. Sabon adireshin IP ba shi da shaida, kuma ƙaramar ma'aikata ba ta aika saƙo da yawan da zai gina mata suna da wuri. Google Postmaster Tools ma ba ya nuna komai sai yawan saƙon ya kai wani mizani. Mafita mafi sauƙi ita ce raba aikin biyu: sabarka ta karɓa ta ajiye, aikawa kuma ta bi ta hannun wani kamfanin aike irin Amazon SES, wanda ke karɓar santi 10 a kan saƙo 1,000, ko Mailgun ko Postmark. Ta ƙofa ta 587 ake miƙa musu, don haka ko an toshe maka fita ta 25 ba damuwa. Abin lura kawai shi ne ka ƙara su a SPF, ka kuma tuna SPF ba ya ɗaukar binciken DNS fiye da 10, sannan ka saita DKIM ɗinsu da sunan domen ɗinka. A mailcow wannan 'yan dannawa ne a shafin gudanarwa, har kana iya zaɓar wa kowane domen tasa hanyar. A haɗin hannu 'yan layuka ne a main.cf, fayil ɗin saitin Postfix. A Mail-in-a-Box ba a tanade shi a hukumance ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafin duk wanda aikinsa ya rataya a kan saƙo ya isa, kamar kamfanin da ke tura takardun neman kwangila.

In ni aka tambaya, ga yadda zan raba. Mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙaramar ƙungiya mai akwati biyar zuwa goma da ta sami adireshin IP mai tsabta, Mail-in-a-Box ya wadatar, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Makaranta, asibiti mai zaman kansa ko kamfani mai mutane 20 zuwa 200 da ke da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, mailcow a sabar giga 8 tare da kamfanin aike. Haɗin hannu na mai koyo ne, ko ƙwararren da ke da abokin aiki na biyu da ya san tsarin. Ofis mai mutum huɗu ko biyar da ba shi da kowa mai kula da saba kuwa, bai kamata ya shiga wannan harka ba sam. Zoho Mail yana da tsarin kusan dala ɗaya a kan mutum a wata, wanda ga mutum biyar bai kai kuɗin hayar sabar mailcow ba, balle ladan wanda za a riƙa kira in ta tsaya.

Wanda ya yanke shawarar ƙaura, tsarin aikin yana da muhimmanci. A rage TTL (tsawon lokacin da sabobi ke riƙe tsohon bayani) na rajistar MX, mai nuna sabar da ke karɓar imel ɗinka, zuwa minti biyar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. A buɗe akwatuna a sabuwar sabar, a kwaso tsoffin saƙonni da imapsync alhali tsohuwar na aiki, a gwada aikawa zuwa Gmail da Outlook da Yahoo a duba kan saƙon a ga SPF da DKIM sun wuce. Sai a juya MX da yammacin Juma'a bayan an tashi aiki, a sake kwasowa ranar Lahadi don tsinto waɗanda suka faɗa tsohon wuri. DMARC a fara shi da p=none, wato sa ido kawai ba hukunci, a karanta rahotannin da ke zuwa na makonni, domin a nan ne ake gano cewa manhajar albashi ko fom ɗin shafin intanet ma suna aika saƙo da sunan domen ɗin ba wanda ya tuna. Bayan an shigar da su ne za a ɗaga zuwa quarantine (a jefa saƙon bogi a Spam), daga baya reject (a ƙi karɓarsa). Tsohon asusun kuma kada a rufe shi sai ya yi wata guda babu abin da ya shigo.